Ko Ka San Zoben da Ke Ɗauke da Kan Keke?

Akwai wani ƙarfe a jikin keke da babu noti, babu walda, amma sai ya yi shekara da shekaru ko gezau. Zobe ne da ke gindin bututun fok, daidai inda ƙafafun nan biyu masu riƙe tayar gaba suka haɗu. A kansa ƙwayayen boris ke gudu duk sanda ka karya kwana.

Matsi kawai ke riƙe shi. Da gangan ake yin ramin zoben ya gaza mazauninsa da kamar kashi ɗaya cikin goma na milimita, shi ya sa ba ya shiga da hannu. Tsaya wurin mai gyaran keke a Gwammaja ko Ƙofar Mazugal a Kano ka gani. Zai goge mazaunin, ya shafa giris, ya zura zoben, sannan ya ɗora guntun fayif irin wanda ake samu a kasuwar Ƙofar Ruwa, ya riƙe fok ɗin a hannu yana buga. Ba ya kafa ƙafafun a ƙasa, don kada su lanƙwashe. Da kunne yake aikin: muddin zoben bai zauna ba, ƙarar a dushe take, yana kaiwa ƙasa sai ta koma tsaf. Wanda ya sa guduma kai tsaye, gefe-gefe, shi ke barin zobe a karkace, kan keke ya riƙa cijewa a waje ɗaya yana sakewa a wani.

Girman ma ba ɗaya ba ne. Ma'aunin Ingila, irin na Raleigh, milimita 26.4 ne, na Japan kuwa 27.0. Ido ba ya raba su, amma sa na Japan a fok ɗin Raleigh ka ji ƙwas-ƙwas duk sanda ka kama birki. Cusa gwangwani a tsakani da wasu ke yi, lallaɓawa ce kawai.

Ramukan nan da ke fitowa a tsohon zobe, har kan keke ya riƙa maƙalewa a tsakiya, galibi ba faɗawa rami ke jawo su ba. Tafiya miƙe ce. Boris na tsaye wuri guda yana ta karkarwa, giris ya tsere daga ƙarƙashinsa, ƙarfe ya ci ƙarfe. Ƙurar hunturu ta Kano in ta shiga, sai ta ƙarasa aikin.