Shin Ko Kun San? Binciken Filin Jirgi da Mutuncin Matafiyi

Shin ko kun san cewa ɗaya daga cikin munanan hare-haren da aka taɓa kai wa jirgin fasinja a sararin Nijar ya auku? Ranar 19 ga Satumba 1989, jirgin kamfanin UTA da ya taso daga Barazabil, ya yada zango a Njamena, ya tarwatse a saman hamadar Tenere kafin ya kai Faris. Mutum 170 ne a ciki, ba wanda ya tsira. A cikin akwati aka ɓoye bam ɗin. Saboda haka in jami'i ya ce a zuge jaka a filin jirgin Damagaram ko na Yamai, ba neman fitina yake ba.

Ko kun san kowace doka da mafarinta? Cire takalmi ya samo asali ne daga wani ɗan Ingila da ya cusa nakiya a takalminsa a Disamba 2001. Ƙa'idar mililita 100, wadda ke raba Hajiya da babbar kwalbar humrarta, ta biyo bayan makircin da aka bankaɗo a Landan a 2006.

Na'urar da ke leƙa jiki ta cikin tufafi kuwa ta yaɗu bayan Umar Faruk Abdulmutallab ya ratsa Legas da Amsterdam da nakiya a kamfai, a Disamba 2009. A nan gizo ke saƙar. Wasu na'urorin farko kusan tsirara suke nuna mutum, har jama'a suka yi ca, Amurka ta kwashe irinsu a 2013. Na yanzu zanen mutum-mutumi suke fitarwa, da ɗan tabo a inda ake zargi. Ashe dai da hanya tun farko!

Mu Damagarawa ba baƙin wannan lissafi ba ne. Sarkin Damagaram Tanimu ya kewaye Birni da ganuwa a ƙarni na 19, fatake na sauka a Zango, amma ko a lokacin baƙo a zaure yake tsayawa, cikin gida ba shiga. Ana tsaro, ana kiyaye sutura.

Ko kun san tun 2011 dokar Tarayyar Turai ta ba matafiyi damar ƙin shiga na'urar, a bincike shi ta wata hanya? Ƴar'uwa, in aka ce ki ɗaga niƙabi ko za a lalube ki, nemi mace ta yi, a bayan labule. Ki faɗa da ladabi, amma ki faɗa.