Mai Bayanin Sama a Akwatin Talabijin

A watan Afrilun 1957 gidan talabijin na BBC ya fara wani shiri na wata-wata mai suna The Sky at Night, wanda ba ya maganar komai sai abin da ke sararin samaniya. Mai gabatar da shi, Patrick Moore, bai yi jami'a ba. Da madubin hangen nesa na gidansa ya naƙalci fuskar wata, ya kuma riƙe shirin shekara 55 har rasuwarsa a Disambar 2012. A 2014 aka ba Maggie Aderin-Pocock wannan kujera tare da Chris Lintott. Iyayenta 'yan Nijeriya ne, kuma tarihinta ya ishe ni hujja a kan abin da nake son kafawa: masanin falakin da ya fito yana yi wa jama'a bayani yana kan ganiyar aikinsa ne, kuma gari irin Lafia ya fi Landan buƙatar irinsa.

An haife ta a Landan a 1968. Iyayenta suka rabu tana ƙarama, ta yi ta yawon makarantu har 13, ga lalurar nan da ke sa haruffa su riƙa rikice wa yaro in ya zo karatu. Madubin hangen nesa da ta fara saye na araha ne, bai nuna mata abin kirki ba, sai ta shiga wani aji a unguwar Camden inda ake koyar da ƙera shi. Aikin na haƙuri ne. Za a ɗora gilashi a kan gilashi, a zuba garin gugi a tsakani, a yi ta murzawa da hannu wata da watanni har tsakiyar ɗaya ya lotsa daidai yadda zai tara hasken tauraro a wuri guda. Yarinyar da karatu ke ba wahala ta kammala digiri a Fiziks a Imperial College a 1990, ta yi digirin digirgir a 1994. Daga nan ta yi aikin na'urorin gano nakiyoyin da ake binnewa a ƙasa, ta jagoranci ƙera na'urar da ke rarrabe hasken taurari a madubin Gemini da ke ƙasar Chile, ta kuma sa hannu a aikin madubin James Webb da aka harba a 2021. Mai cewa talabijin matattarar waɗanda bincike ya gagara ce, sai ya dubi wannan jeri. Ta san abin da take faɗa, shi ya sa take iya faɗarsa da sauƙi.

Ƙorafin da ya fi ƙarfi a wajenmu na addini ne: ilimin taurari ai duba ne. Tsoron yana da tushe, domin akwai masu zana ƙasa su ce tauraronka ya hau na wance, su karɓi kuɗi. Sai dai falaki lissafi ne na tafiyar rana da wata, wanda ake gwadawa a gani ko ya yi daidai. Da shi ake fitar da alƙibla da lokutan salla. Ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa: Muhammad al-Katsinawi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, ya yi suna a lissafi da ilimin taurari, kuma manomi tun kaka da kakanni yana duban Kaza da 'ya'yanta don sanin inda shekara ta kai. Har a Sunna an raba tsakanin abubuwan biyu, domin ranar da Ibrahim ɗan Annabi (SAW) ya rasu aka yi husufin rana, mutane suka danganta shi da rasuwar, Annabi ya gyara musu.

Illar rashin mai bayani kuwa mun gan ta da idonmu. A Janairun 2001 aka yi husufin wata, wasu matasa a Maiduguri suka ɗora laifin a kan masu saɓo, suka cinna wa otal-otal da gidajen giya wuta. Inuwar ƙasa ce ta faɗa a kan wata, abin da masana suka san ranarsa da mintinsa tun shekaru da dama kafin ya auku. Shekara biyar bayan haka, ranar 29 ga Maris 2006, rana ta rufe ruf a Gusau da Katsina da hantsi, abin da ya fi wancan ban tsoro nesa ba kusa ba. Wannan karon an riga an yi ta shela a rediyo da talabijin, mutane suka yi sallar husufi, suka koma harkokinsu. Sanarwa ce ta raba 2001 da 2006.

Wani zai ce ana ta kai wa ke ta kaya, mai neman kuɗin taki ina ruwansa da Zahara matar wata? Amma hasashen damina da hukumar NiMet ke fitarwa kowace shekara da taimakon taurarin ɗan'adam ake yin sa, kuma Nijeriya ta harba nata na farko, NigeriaSat-1, tun 2003. Manomin doya da shinkafa a Doma ko Awe yana cin moriyar sama ko bai sani ba. Ga kuma rigimar ganin wata da ke dawowa kowane azumi. Sarkin Musulmi ke sanarwa, ana kai rahoto ta hannun dagatai da hakimai, kuma lissafi ba ya ƙwace wa kowa wannan hurumi. Amma da za a sami mai faɗa wa jama'a tun da rana cewa yau jinjirin wata zai faɗi minti kaza bayan rana, a duba ta nan, da shaidar gaskiya ta ƙaru, ta kuskure ta ragu, musamman lokacin hazo.

Inda na yarda da masu suka shi ne batun harshe. Maggie da Turanci take magana, ga mutanen da wuta ba ta ɗauke musu. Ɗauko shirinta a haska a Lafia ba zai yi wani tasiri ba. Abin koyi shi ne tsarin: masani ɗaya, lokaci ƙayyadadde, kowane wata, ba fashi. Kayan aikin suna nan, ga Jami'ar Tarayya ta Lafia da aka kafa a 2011 da malamanta na Fiziks, ga tashar NTA, ga gidan rediyo da talabijin na jiha, NBS. Rediyo ma ya fi dacewa, tunda mai sauraro na iya fita tsakar gida ya ɗaga kai ya duba ko abin da aka ce yana nan.

Akwai kuma wa'adi. Lissafi ya nuna cewa ranar Litinin 20 ga Maris 2034 inuwar wata za ta shigo ta Legas, ta ratsa tsakiyar Nijeriya zuwa Chadi, kuma Lafia na kan hanyarta. Da hantsi gari zai yi duhu na 'yan mintuna, kaji su nemi akurki. Yaran da ke firamare yanzu su ne samarin da za su kasance a bakin titi a wannan safiya.