Kwana a bukkar katako kusa da Disneyland Paris: lissafin da ke gaban babban iyali

A gabashin birnin Paris, tafiyar kilomita 32, a wani yanki da ake kira Marne-la-Vallée, nan ne kamfanin Disney na Amurka ya buɗe filin wasanninsa ran 12 ga watan Afrilu na 1992. Wanda duk ya je ziyarar ɗa ko ƙane ko jika a Faransa, in dai akwai yara a gidan, da wuya ya komo bai ji sunan wurin ba, don kuwa yaran ba su barin kunnen baƙo ya huta. Gari ne sukutum aka gina don wasa kawai: ƙananan jiragen ƙasa masu hawa da gangara da gudu, lilo iri-iri, kwale-kwale, mutane sanye da kamannin dabbobin majigin yara, sannan da dare a yi wasa da hasken wuta a kan wata doguwar fada. Ana biya kafin a shiga, in an shiga sai a yi ta bin layi.

Mu dai yau, ƴan uwa masu karatu, zancen masauki ya kawo mu. Turawa in sun ce iyali, miji da mata da ɗiya biyu suke nufi, kuma a kan wannan ma'auni suka yanka ɗakunan otel ɗinsu. Mu kuwa in an tashi tafiya, ga Hajiya babba, ga goggo, ga matan wa da ƙane, ga jikoki. Kafin a ƙirga an kai goma sha.

Sai dai kafin nan, akwai labarin da zai yi wa ɗan kasuwa daɗin ji. Lokacin da Walt Disney ya buɗe filinsa na farko a Kalifoniya cikin 1955, bai da filin da ya wuce na wasannin. Kan a jima wasu suka saye kewayen, suka kakkafa otel-otel da gidajen abinci, suna cin kasuwar da shi ya tara. Abin ya tsaya masa a rai. Da ya tashi yin na biyu a jihar Florida, sai ya sa aka yi ta sayen ƙasa a asirce cikin 1964 da 1965, da sunayen wasu ƙananan kamfanoni, don kada masu filaye su ji ƙamshin mai kuɗi su tsawwala. Haka ya haɗa wajen hekta 11,000 a kan kuɗin da bai wuce dalar Amurka miliyon 5 da ƴan kai ba. Tun daga nan dabarar kamfanin ba ta sake ba: baƙo ya yi wasa a wurinsu, ya ci a wurinsu, ya kwana a wurinsu.

A Faransa kuwa dabarar ta so ta karya su. Sun gina ɗakunan kwana fiye da 5,000 tashi ɗaya, alhali jirgin RER layin A yana kai mutum tsakiyar Paris cikin minti 40 ko ƙasa da haka, mutane da yawa suka gwammace su koma birni su kwana. Bashi ya yi wa kamfanin katutu, har a 1994 aka sake zama da bankuna, attajirin nan na Saudiyya Yarima Alwalid bin Talal ya zuba kuɗi ya karɓi kusan kashi ɗaya cikin huɗu na hannun jari. A shekarar ne kuma aka sauya sunan daga Euro Disney zuwa Disneyland Paris. Sai a 2017 uwar kamfanin ta Amurka ta saye wurin baki ɗaya.

Cikin masaukan da aka buɗe tun 1992 akwai guda da ya bambanta da saura, shi ne Davy Crockett Ranch. An sa masa sunan wani maharbi ɗan Amurka da ya zama ɗan majalisa, aka kashe shi a yaƙin Alamo a 1836, daga baya Disney ya yi majigi a kansa. Babu bene a nan, babu dogon lungu mai ɗakuna dama da hagu. Daji ne na wajen hekta 57, aka yanka hanyoyi a cikinsa, aka jera ƙananan gidaje kusan 600 a gindin itatuwa, kowanne da wurin aje mota a ƙofarsa. Bukka muke ce masu don rashin wata kalma, amma kada mai karatu ya zaci ta kara ce. Gida ne ƙarami irin wanda ake ƙerawa a masana'anta a kawo a girke, da wuta da ruwan zafi da abin ɗumama ɗaki. A ciki akwai ɗakin kwana, da falo, da makewayi, da wurin girki mai firigo da murhu da tukwane da kwanoni. A waje akwai tebur da benci da wurin gasa nama. A tsakiyar dajin kuma an yi ɗan ƙauye mai kanti, da gidan abinci, da wurin ninƙaya rufaffe wanda sanyi bai hana shiga.

To ga inda lissafi yake farawa. Bukka guda mutum 6 take ɗauka, ba ƙari. Mun san halinmu: in baƙi sun yi yawa sai a shimfiɗa tabarma, yara su jeru kamar kifi a faranti, gari ya waye lafiya lau. Can ba a yin haka. Kowane mai kwana da sunansa a takarda, kuma galibi ana sayar da kwanan ne haɗe da tikitin shiga filin wasa, kowa da nasa. Iyali mai mutum 14 ke nan bukka 3 za su kama. Yaron da bai kai shekara 3 ba ba a biya masa kuɗin shiga, daga 3 zuwa 11 kuɗin yara ne, daga 12 kuwa ya zama babba a idon mai karɓar kuɗi, ko da a gida har yanzu aikensa ake yi sayen magi. Farashin kuma ba ya tsayawa wuri guda, yana hawa da sauka da kwanan wata kamar na tumatir. Watannin Yuli da Agusta, da hutun ƙarshen shekara, da sauran lokutan da ƴan lakwal na Faransa suke hutu, su ne masu tsada, su ne kuma masu dogon layi. Duk kuɗin da aka faɗa maku da yuro, ku buga shi da 656: yuro 100 ya kama jikka 65 da rabi da ɗoriya.

Abu na biyu shi ne wanda ya fi kama mutane ba shiri. Sauran otel-otel na Disney ana zuwa filin wasa daga cikinsu da ƙafa ko da motar kamfanin kyauta. Wannan kuwa yana nesa, tafiyar kamar minti 15 a mota, kuma kamfanin bai sa masa motar jigila ba. Wanda bai da mota ya shiga uku. Ƙaramar mota mutum 5 take ɗauka, ba a yin lodi irin na ranar kasuwa, kuma dokar Faransa ta ce yaron da bai kai shekara 10 ba sai an ɗaure shi a kujerarsa ta musamman. Mutum 14 ke nan sai mota 3, ko babba guda da ƙarama guda, da direbobi masu parmin da aka yarda da shi. In ƴan uwan da ke zaune can suna da motoci, an huta. In haya za a yi, sai a haɗa kuɗinta da na mai a cikin kuɗin kwana tun farko, don a nan ne arahar bukka take iya zama tsada. Sauƙin da ke ciki shi ne ba a karɓar kuɗin aje mota a filin wasa daga hannun masu kwana a masaukan kamfanin, kuma ana barin su su shiga da safe kafin a buɗe wa sauran jama'a.

A ganinmu, abin da ya sa bukkar ta fi ɗakin otel dacewa da mutanenmu shi ne tukunya. Abinci a cikin filin wasa tsada gare shi, kuma mutum 14 sau uku a yini ba ƙaramin rami ba ne a aljihu. Ban da tsada, ga tambayar yanka, ga tsofaffin da cikinsu bai san burodi da cuku a matsayin abincin dare ba. Mai wurin girki ya fita daga wannan duka. Mahauta Musulmi suna da yawa a Paris da kewayenta. Unguwar Château-Rouge da ke cikin birnin cike take da kayan miyar Afirka, daga kuɓewa har busasshen kifi. Kusa da filin wasan kuma akwai babbar kasuwar zamani ta Val d'Europe, wadda aka buɗe a 2000, inda za a sami shinkafa da mai da albasa da rahusa fiye da kantin cikin daji. A yi sayayya kafin a shiga, a dafa da dare, a ɗumama da safe. Ba a hana ɗan guzuri a jaka lokacin shiga filin wasa, amma manyan kuloli ba su wuce bakin ƙofa.

Gargaɗi guda ga masu shirya tsaraba daga gida: dokar Tarayyar Turai ta hana matafiyi shigo da nama da kayan nono a cikin kayansa. Kilishi da cuku da man shanu, komai kyan ƙunshinsu, in ƴan duwan suka gani karɓewa za su yi. Haka kuma wanda ya riƙo tsabar kuɗi da suka kai yuro 10,000, wato sefa miliyon 6 da rabi da ƴan kai, wajibi ne ya bayyana su a duwan.

Amma tukunyar nan tana da nata sharri, kuma mata ne za su fi gane shi. In ba a yi shiri ba, hutun sai ya zama na maza da yara, matan kuwa sun sauya madafa ce kawai: su yini a tsaye cikin layi, su dawo da dare ƙafa a kumbure su ɗora sanwa, su wanke kwanoni, wasu na kan benci suna hira. Matar da ta bar rumfarta a rufe, ta zuba kuɗin adashenta a tikitin jirgi, ba ta zo don wannan ba. Gara a raba kwanakin girki tun kafin a tashi, bukka kaza yau, bukka kaza gobe, samari su ɗauki wanke-wanke da gashin nama, a kuma ware dare guda da kowa zai ci a waje.

Rabon ɗakuna ma abin zama ne. Bangon bukka siriri ne, makewayi a tsakiyar gida yake, wanda ya yi tari kowa ya ji. Suruki da surukuwa a irin wannan wuri takura ce gare su duka biyu, ko ba su faɗa ba. Da yawa za su fi sakewa in aka yi bukkar mata da ƙananan yara daban, ta maza da samari daban, tsofaffi kuma a ba su wadda ta fi shiru tare da mai kula da su. Sai dai a sani, kama bukka 3 ba ya nufin za a same su jere. A nemi hakan tun lokacin kamawa, a kuma sake tunawa da su ranar isowa, don dajin yana da faɗi, kuma ba daɗi a ce tuwon Hajiya sai an kai shi da mota. Zancen kuɗi shi ma a gama shi a gida: wa ya ɗauki kwana, wa ya ɗauki mota, wa ya ɗauki cefane. Ɗan uwan da ke aiki a Faransa albashi yake ɗauka, haya da haraji na jiransa, kuma sau da yawa kunya ce take hana shi cewa nauyin ya fi ƙarfinsa.

A cikin filin wasan, kada a ce dole sai an tafi tare kamar garke. Wasu wasannin ana auna tsayin yaro kafin ya hau: jirgin dutsen da ake kira Big Thunder Mountain sai mai mita 1.02, na Indiana Jones sai mai mita 1.40, kuma ba a roƙo ba a lallashi. Tsofaffi da masu ciki da masu hawan jini ba su da abin yi a kan irin waɗannan. Akwai jirgin ƙasa mai tafiya a hankali da ke kewaya filin, akwai kwale-kwalen da ke ratsa gumakan yara masu rawa, kuma ana ba da hayar keken tura marasa ƙarfi. Mai bukka da mota yana iya maida tsofaffi masauki bayan azahar su miƙe ƙafa, su yi sallarsu a natse a kan dandamalin ƙofa, matasa su tsaya kallon wutar dare. A riƙa tuna cewa a watan Yuni rana ba ta faɗuwa a Paris sai wajen ƙarfe 10 na dare, a Disamba kuwa kafin 5 na yamma ta faɗi, ga sanyi mai shiga ƙashi. Buta dai a sa ta cikin kaya tun daga gida.

Wannan masauki yana da wa a Amurka, Fort Wilderness, wanda aka buɗe a Florida cikin Nuwamba 1971 a dajin da ya kai hekta 300. Can akwai motocin jigila a ciki, akwai jirgin ruwa da ke kai mutane ƙofar filin wasa, wasu ma da tantinsu suke zuwa su kafa. A 2024 aka sauya tsofaffin bukkokinsa da sababbi fiye da 350, aka sa su cikin tsarin da mutum ke sayen haƙƙin kwana na shekaru masu yawa tun gaba, yana kuma biyan kuɗin kula duk shekara. Su ma dai mutum 6 suke ɗauka.

Saura zancen hanya. Bayan juyin mulkin Yuli 2023, kamfanin Air France ya dakatar da zuwa Yamai a watan Agusta na shekarar, ofishin jakadancin Faransa kuma ya rufe a Janairu 2024, abin da ya sa neman biza ya ƙara nisa da tsada ga ƴan Nijar. Bizar Schengen tana bukatar shaidar masauki da inshorar lafiya ta aƙalla yuro 30,000 ga kowane matafiyi, tsoho da yaro. Don haka kada a biya kuɗin bukka 3 tun bizar kowa ba ta fito ba, sai in an karanta sharaɗin fasawa da kyau, an ga ranar ƙarshe da za a iya janyewa da kuma nawa za a maido.