Ɗan Zakin Da Ya Ba Yara Wuya

A shekarar 1994 kamfanin Disney na Amurka ya fito da fim ɗin zane mai suna The Lion King, labarin ɗan zaki Simba. A wannan shekara kuma kamfanin Westwood ya mai da shi wasan bidiyo. Iyaye suka yi ta saya, a zatonsu abin yara ne.

Ashe ba haka ba ne. A mataki na biyu ake yin ta. Sai Simba ya bi ta kawunan raƙuman dawa, ya hau jimina tana gudu, sa'an nan ya yi wa birai ruri su juya su jefa shi inda ya dace. Kuskure kaɗan, ya faɗa ruwa. In dama ta ƙare, sai a koma farko, domin wasan ba ya ajiye inda aka tsaya.

Daga baya Louis Castle na Westwood ya bayyana dalili. Ya ce Disney ne ya nemi a tsananta, don kada mai hayar kaset ya gama da wuri ya fasa saya.

Sai a 2019 aka sake fito da wasan da damar komawa baya a gyara kuskure. Lokacin kuwa waɗancan yaran sun zama iyaye.