George Galloway: tsohon ɗan majalisar da ya addabi jam'iyyar Labour

Ba kasafai ake samun ɗan siyasa a Birtaniya da ya wakilci birane huɗu a majalisar dokoki ba, amma George Galloway ya yi hakan: Glasgow da Landan da Bradford da kuma Rochdale.

Uku daga cikin waɗannan kujeru ya ƙwace su ne daga hannun Labour, jam'iyyar da ta kore shi, kuma ƙuri'un Musulmi sun taka muhimmiyar rawa a kowane karo.

An haifi Mr Galloway a birnin Dundee na yankin Scotland a 1954. Ya fara shiga majalisa a 1987 ƙarƙashin tutar Labour, inda ya yi fice wajen goyon bayan Falasɗinawa da adawa da takunkumin da aka ƙaƙaba wa Iraƙi.

Ganawar da ya yi da Saddam Hussein a Bagadaza a 1994 ta jawo masa suka mai zafi, inda abokan hamayya suka zarge shi da yabon mai mulkin kama-karya. Shi kuwa ya ce al'ummar Iraƙi yake jinjina wa.

Kora daga jam'iyya

Dangantakarsa da Labour ta yi tsami ne lokacin da Firayim Minista Tony Blair ya mara wa Amurka baya wajen mamaye Iraƙi a 2003. A watan Oktoban shekarar jam'iyyar ta kore shi, bisa zargin cewa kalamansa kan yaƙin sun zubar mata da mutunci.

Da shi aka kafa jam'iyyar Respect a 2004, kuma a babban zaɓen 2005 ya kayar da Oona King ta Labour da ratar ƙuri'u 823 a mazaɓar Bethnal Green da Bow a gabashin Landan, inda 'yan asalin Bangladesh suke da yawa.

Kwanaki kaɗan bayan haka ya bayyana gaban wani kwamitin Majalisar Dattawan Amurka, inda ya musanta zargin cin gajiyar man Iraƙi, ya kuma caccaki manufofin Washington. Kafin nan, a 2004, kotu ta umarci jaridar Daily Telegraph ta biya shi diyyar fam 150,000 saboda ɓata masa suna.

Sai dai a 2007 majalisa ta dakatar da shi na kwana 18, bayan wani bincike kan kuɗaɗen gidauniyar Mariam Appeal da ya kafa.

Sirrin nasarorinsa

A tsarin zaɓen Birtaniya, wanda ya fi yawan ƙuri'u a mazaɓa shi ke ɗaukar kujera, ko da bai samu rabi ba. Musulmi kashi 6.5 ne cikin ɗari na al'ummar Ingila da Wales a ƙidayar 2021, to amma sun taru ne a wasu unguwanni, kuma akasarinsu sun daɗe suna zaɓen Labour. Idan suka juya mata baya, kujerar na iya suɓucewa.

Hakan ce ta faru a zaɓen cike gurbi na Bradford ta Yamma a 2012, wanda ya lashe da ratar ƙuri'u sama da 10,000. Ta kuma sake faruwa a Rochdale a watan Fabrairun 2024, inda yaƙin Gaza ya mamaye yaƙin neman zaɓe, Labour kuma ta janye goyon bayanta daga ɗan takararta.

Ci ba riƙewa

To sai dai tun barinsa Labour bai taɓa yin wa'adi biyu a jere ba. A 2010 ya sauya mazaɓa ya faɗi. A 2015 Naz Shah ta Labour ta karɓe Bradford ta Yamma, Rochdale kuwa wata huɗu kacal ya riƙe ta kafin Paul Waugh ya kayar da shi a Yulin 2024.

Masu sukarsa na cewa hankalinsa ya fi karkata ga al'amuran ƙasashen waje da shirye-shiryen talabijin fiye da matsalolin mazaɓarsa. Magoya bayansa kuwa na ganin shi ne ke faɗin abin da sauran 'yan majalisa ke tsoron faɗa.

A zaɓen da ya rasa kujerarsa, 'yan takara huɗu Musulmi masu zaman kansu sun ci kujerun da ke hannun Labour a Blackburn da Leicester da Birmingham da Dewsbury, bayan sun sanya batun Gaza a gaba.