Yaro da Baffansa a Marina

A ƙasar Hausa ba mahaifi kaɗai ke renon yaro ba. Wan uba ko ƙanen uba shi ne baffa, ɗan'uwan uwa kuwa kawu. Baffa ba ya bambanta ɗan ɗan'uwansa da nasa na cikinsa, duk 'ya'yansa ne. Har wa yau bisa al'ada iyaye su kan ji kunyar ɗan fari, ba sa sakin jiki da shi. Saboda haka sau da yawa a kan ba baffa riƙonsa, a wurinsa ya ke koyon ladabi da sana'ar gidansu.

Ga misali daga marinar Ƙofar Mata a birnin Kano, wadda a ke cewa an kafa ta a 1498, zamanin Sarki Muhammadu Rumfa. Rini sana'ar gado ce. In an tashi daga makaranta, yaron gidan marina ya kan bi baffansa zuwa karofi. Da fari ba a ba shi komai sai aike: ya ɗebo ruwa, ya kawo toka, ya shanya tufafi. Sauran lokacin ya zauna ya zuba ido.

Sannu a hankali baffa ya kan nuna masa yadda a ke haɗa ruwan rini. A kan zuba ruwa a ramin, a sa baba da toka da katsi, watau lakar da a ka kwaso daga tsohon rami a ka ƙona. Sa'an nan a bar shi kwanaki ya ruɓa, a riƙa motsa shi da dogon icce har kumfa ta taso. Gwani ya kan gane ruwan ya nuna daga launin kumfar da warinsa. Wannan kuwa ba a iya koyonsa da baki, sai an gani da ido.

Ranar da yaro ya fara tsoma farin zane, ya kan cire shi ya ga ya fito kore kore. Sai ya tsorata, ya ce, "Baffa, na ɓata!" Baffa ya yi murmushi, ya ce, "Dakata, ɗana, bari ya sha iska." Kafin a jima zanen ya juya ya zama shuɗi, gama iska ce ke fito da launin baba. Don haka a ke tsomawa a cire, a sake tsomawa, har ya yi duhun da a ke so. Daga nan a kai mabuga a buge shi ya yi ƙyalli.

Suna cikin aiki baffa ya kan ba shi labarin kakanni. Ya gaya masa yadda Buzaye ke sayen turkuɗi da rawani ɗan Kura su haye Sahara da su. Wani Bature matafiyi, Heinrich Barth, ya iso Kano a 1851, ya rubuta cewa tufafin Kano na kaiwa har Tumbuktu. Ya kan kuma koya masa riƙon amana, kada kayan wani su ɓata ko su sauya a hannunsa.

Amma tun da atamfa da rinin kanti su ka yawaita, ramuka da dama sun cike, babu mai aiki a cikinsu. In tsoho ya rasu bai koya wa kowa ba, saninsa ya bi shi kabari. Shi ya sa baffa ba ya gajiya da tambayoyin yaro, shi kuma yaro mai hankali ba ya ƙyamar hannu mai shuni. Hausawa sun ce, icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi.

Tambayoyi

1. Mene ne bambancin baffa da kawu?
2. Me ke mai da zane shuɗi bayan an cire shi daga rami?
3. Wace sana'a ce gadon gidanku, wa ke koya muku ita?