Dagin Arewa Ba Gicciye Ba Ne

Wani saƙon murya na yawo a wayoyin mutanen Buji ta Jihar Jigawa, daga Gantsa har cikin Dutse: wai dagin Arewa gicciye ne da 'yan mishan suka lanƙwasa suka cusa wa Hausawa, wai duk wanda ya yi salla da hula ko riga mai ɗauke da shi, sallarsa ba ta yi ba. Mai maganar bai faɗi sunansa ba, bai ambaci littafi ko malami ko ɗaya ba, amma bai manta da "a tura wa 'yan'uwa saboda Allah" ba.

Wanda ya ji ya tsorata ba a ga laifinsa ba, don ba mai son wasa da sallarsa. Sai dai a kan masu allura abin yake ƙarewa. Mutum ya yi makonni yana duƙe kan hula, zare a baki, ido na ruwa, mai ita ya zo ya ce ya fasa.

Akwai gaskiya ɗaya a saƙon. Ana ganin irin wannan ƙulli a daɓen tsofaffin coci-coci, Turawa ma ƙullin Sulaimanu suke ce masa. Abin da mai saƙon ya ɓoye shi ne, yana nan a gidajen Rumawa masu bautar gumaka, da kayan adon Musulmi, da duwatsun adon sarakunan Yarbawa, da saƙar mutanen Kuba na Kwango. Madauki biyu ne sarƙe da juna. Ba na addinin kowa ba ne.

Lissafin shekaru ma ya ƙaryata saƙon. A 1903 Turawa suka ci Kano, kuma gwamnatinsu ta taƙaita shigar 'yan mishan masarautun Musulmi. Ga manyan riguna na zamanin Daular Sakkwato, ɗinkin ƙarni na 19, ajiye a gidajen tarihi na Ingila, dagi zaune kusa da aska takwas. Galibi malamai da almajiransu ne ke zana irin wannan aiki. Su ne za su ɗora gicciye a ƙirjin sarki?

Sauran zantukan da ake yi kan dagi ma ba su da nauyi. Sardauna bai ƙirƙiro dagi ba. Samunsa ya yi, aka ɗaukaka shi ya zama alamar haɗin kan Arewa a zamanin firimiyancinsa, 1954 zuwa 1966. Batun cewa dagi yana nufin jihohin Arewa 19 kuwa, ita kanta Jigawa sai 1991 aka yi ta, jihohin ba su cika 19 ba sai 1996.